Wa Ya Tsofar Da Wayar Baba Cikin Dare Ɗaya?

Yau dai da ɓacin rai na zauna rubutun nan, don haka wanda ya ga na yi zafi ya yi mani uzuri.

Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Duk wanda ya san harkar gwari ya san cewa yanzu rabin cinikin a waya ake yin sa. Ta waya ake jin farashi a Aliero, ta waya ake sanin inda mota ta kwana, ta waya ake tura wa direba kuɗin mai da na shingayen hanya, kuma ba a ɗaga buhu sai an ga alat ya shigo. Baba bai iya rubutun boko sosai ba, amma saƙon murya na WhatsApp da manhajar banki ya riƙe su kamar ruwan sha. Wayarsa shekara uku ke nan a hannunsa. Ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, gilashinta ko tsagewa bai yi ba, domin a aljihun gaba na 'yar shara take kwana take tashi.

Wata ranar Talata da dare ƙanena ya jona mata caji, sai ga saƙon nan da ya daɗe yana damun ta, wai a sabunta babbar manhaja. Kullum Baba ture shi yake yi gefe. Yaro ya ga kamar gwaninta zai yi, ya danna. Da safe waya ta tashi da sabon fenti, alamomin nan duk sun canja kama, amma fa kamar an ɗaura mata dutse. A danna lamba sai an jira, a buɗe hoto sai an jira. Kuma a ranar ne motar da ta ɗauko mana kaya ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, direba ya bugo yana neman kuɗin gyara cikin gaggawa. Baba ya buɗe manhajar banki, tana ta juyawa. Kafin shafin da ake zuba lambar sirri ya buɗe, lambar da aka turo ta mutu. Sau huɗu ana haka. Ni ina can wajen sauke wata motar, sai da aka aika yaro ya nemo ni, muka je wurin mai POS muka biya kuɗin caji, aka tura. Kafin nan bakanike ya tafi wani aikin. Mota ta ƙara kwana a hanya da albasa a rufe cikin tamfol, rana na dukan ta. Ba sai na gaya wa ɗan gwari abin da muka tarar a buhunan ƙasa ba.

Da muka zauna da daddare sai Baba ya ɗaga wayar yana juya ta, ya ce da ni, "Kai da ka yi boko, jiya lafiyarta ƙalau. Wace irin tsufa ce ke kama abu cikin dare ɗaya?" Wallahi tambayar nan ita ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Ranar Asabar na ɗauke ta zuwa Computer Village a Ikeja. Shagon farko da na shiga, ko karɓar ta mai shagon bai yi ba. Daga nesa ya hango ta ya ce ai ta gama yayi, in kawo ta in yi ciko in ɗauki sabuwa. Na biyu ma haka. Sai a wajen wani mai gyara, ɗan Arewa da ke da ɗan teburi a lungu, na sami wanda ya tsaya ya duba. Ya ce, "Malam, batirin nan ya gaji, ma'adanarta ta cika maƙil, ga kuma sabuwar manhajar ta fi ƙarfinta. Biyun farko zan iya yi maka maganinsu. Ta ukun kuwa sai haƙuri, don sun rufe ƙofar komawa baya."

To a nan nake so mu tsaya. Ba na cewa kamfanin da ya ƙera wayar Baba ya zauna ya ƙulla masa sharri. Na san batir yana tsufa. Irin batirin da ke cikin wayoyinmu, duk caji ɗaya da sauke shi yana rage masa ƙarfi, zafi kuma yana ƙara cinye shi, mu kuwa ga zafin rana ga cajin janareto. Na san manhajojin yau sun fi na shekara biyar baya nauyi nesa ba kusa ba, kuma wayar da aka ƙera da ƙaramar ƙwaƙwalwa dole ta yi nishi idan aka ɗora mata su. Na kuma san bayan sabuntawa waya kan yi kwana ɗaya ko biyu tana shirya kayan cikinta, ta yi zafi ta yi saiɓi, daga baya ta sake. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wanda ya yi zargin da hannun kamfani a ciki, shaci-faɗi yake yi irin na majalisar mai shayi. An daɗe ana yi wa masu wannan zargi dariya, sai ga shi kamfani mafi tsada a harkar ya amsa da bakinsa.

A watan Janairun 2017 kamfanin Apple ya fitar da sabuntawa mai lamba iOS 10.2.1. A lokacin wayoyin iPhone 6 da 6s suna yawan mutuwa haka kawai, alhali da sauran caji a ciki. Dalili shi ne batirin da ya tsufa ba ya iya bayar da wuta mai yawa a lokaci guda idan injin wayar ya nema, sai wayar ta ɗauke. Maganin da kamfanin ya yi shi ne ya sa manhajar ta riƙa rage wa injin gudu idan ta ga batir ya yi rauni. Waya ta daina mutuwa, amma ta koma tafiyar hawainiya. Sun fito sun yi shelar cewa sun rage matsalar mutuwar waya. Batun rage gudu kuwa, shiru kake ji. Kusan shekara guda mutane na ganin wayoyinsu sun yi nauyi ba su san dalili ba, sai a Disambar 2017 wasu suka lura cewa da zarar an sa sabon batir waya na komawa garau. Wani mai suna John Poole, wanda ke da manhajar auna gudun waya ta Geekbench, ya tattara alƙaluma ya baje su a fili. Kwana biyu bayan haka Apple ya amsa. Kafin watan ya ƙare ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa dala 29 har ƙarshen 2018, sannan a watan Maris na 2018 ya sa wani wuri a cikin wayar inda mutum zai ga lafiyar batirinsa, ya kuma kashe rage gudun in ya so.

Masu kare kamfanin suna cewa ai da kyakkyawar niyya ya yi, gara waya mai saiɓi da waya mai mutuwa. To mu ɗauka haka ne. Me ya hana shi faɗa? Layi ɗaya ya isa: batirinka ya gaji, mun rage wa wayarka gudu, canja batir ta dawo daidai. Mutumin da bai san haka ba, da ya ga waya ta yi nauyi me zai yi? Sabuwa zai saya, da kuɗin da ya ninka na batir sau goma ko fiye. Shirun nan riba ce, ko da niyya ko babu. Kuma ba ni na faɗa ba. A Janairun 2019 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari yana bayanin abin da ya sa cinikin iPhone ya yi ƙasa da yadda suka zata, cikin dalilan da ya lissafa har da cewa mutane sun yi amfani da rangwamen canjin batir. Ka ji fa. Da aka gaya wa mutane gaskiya sai suka gyara abin hannunsu, ciniki ya ragu.

Hukumomin ƙasashensu ba su bar maganar ta wuce haka ba. Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 a watan Oktoban 2018. Faransa, wadda tun 2015 ta mayar da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi a dokarta, ta ci shi yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020, kuma laifin da ta kama shi da shi shi ne rashin sanar da masu waya. A Amurka kamfanin ya amince a 2020 zai biya har dala miliyan 500 don kashe ƙarar da jama'a suka shigar, ya kuma biya wasu dala miliyan 113 ga jihohi fiye da 30. A Janairun 2024 waɗanda suka cika takardar neman diyya suka fara ganin alat na kusan dala 92 kowanne.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Waɗannan wayoyi da Bature ya ga sun yi nauyi ya yar, ina suka tafi? Ku je titin Otigba ku duba cikin gilasan shaguna. Su ne tokumbon da muke rububi, 'yan Landan da 'yan Amurka. Wanda ya fara riƙe ta ya karɓi afuwa, ya karɓi rangwamen batir, wataƙila har da dala 92, mu kuma muka karɓi wayar da gajiyayyen batirinta, muka biya kuɗi muna godiya. Diyyar ta Amurka ta mazauna Amurka ce. Wanda wayar ta ƙare a hannunsa a Agege ko Sabon Shagamu ko Ama Hausa ta Owerri, ko a lissafi ba ya ciki.

Kada wani mai Android ya ce wannan rigimar masu iPhone ce. A Janairun 2025 kamfanin Google ya tura wa wayoyin Pixel 4a sabuntawar da ta rage wa batirin wasunsu ƙarfi sosai, kuma ba a ba masu wayar zaɓin ƙin karɓa ba. Shi dai ya sanar tun kafin ya yi, ya kuma yi tayin canjin batir ko ɗan kuɗi, wanda ya fi abin da Apple ya yi. Amma ainihin dalilin, wato tsoron kada batirin ya ɗauki zafi fiye da ƙima, sai a sanarwar hukumar kare masu saye ta Ostareliya jama'a suka gan shi a fili. Halin dai ɗaya ne, mai waya shi ne na ƙarshe da ke jin labarin abin da ake yi a cikin aljihunsa. Kuma abin ba yau aka fara ba. Tun a 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka yi yarjejeniyar kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har tara suke cin wanda nasa ya zarce. To jikokinsu ne za mu yi wa kyakkyawan zato ido rufe?

Mu a kasuwa muna da suna ga irin wannan. In ka sa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ka rufe da mai kyau a sama, algus ka yi, kuma ko yaron da ke zuwa makarantar allo ya san malamai sun ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, in ya ɓoye mai saye na da damar mayarwa. Na waya ma ya fi wannan muni. A ce na sayar maka da buhu, ka biya, ka kai shagonka, amma na riƙe mabuɗin shagon. Duk lokacin da na ga dama in shigo cikin dare in taɓa kayan, in ce maka gyara na yi. Da safe ka ga sun canja, ka ce in mayar maka yadda suke, in ce ai ba a komawa baya. Da wani ya yi haka a Mile 12, kafin azahar yana gaban shugabannin kasuwa.

Wani zai ce, to ku daina dannawa mana, wa ya tilasta ku? Wanda ya faɗi haka bai san halin da ake ciki ba. Da yawa daga cikin sabuntawar nan toshe ƙofofin ɓarayi suke yi, kuma wayar da ke ɗauke da asusun ɗan kasuwa ba abin wasa ba ce. Ban da haka, in ka ƙi, manhajojin ne za su guje ka ɗaya bayan ɗaya. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5, a 2025 kuma ya sallami iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Manhajar banki ma haka take, wata rana za ka buɗe ta ce sai ka sabunta. Ka danna waya ta yi nauyi, ka ƙi dannawa a rufe maka ƙofa, gaba kura baya sayaki. Kuma kada mu manta ba mu muka zaɓi wannan rayuwa ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tura dattawa irin su Baba cikin tiransfa ƙarfi da yaji. Sannan dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin waya ya bi ta. Wato a daidai lokacin da waya ta zama dole, a lokacin ne canja ta ya gagari talaka.

In kuma aka ce wai dole ne sabuwar manhaja ta fi tsohuwar waya ƙarfi, haka fasaha take, sai in tuna musu da iOS 12. A 2018, bayan an sha kunyar batir, Apple ya fitar da ita yana alfahari da cewa an gina ta ne don tsofaffin wayoyi su ƙara gudu, har iPhone 5s ta 2013 ta samu, kuma masu amfani da ita sun shaida ta ƙara. Ashe dai ana iyawa in an ga uwar bari.

Sai kuma mu kanmu, don ba zan zagi na nesa in ƙyale na gida ba. Samarinmu na zango sun mayar da waya ma'aunin mutunci. Yaro na dako ko turin baro, abin da ya tara a wata shida sai ya kai Ikeja ya yi ciko, don kawai kada a ce wayarsa ido biyu gare ta ta abokinsa ido uku. Wanda ya riƙe tasa shekara huɗu sai a riƙa yi masa tsiya, ana Alhaji a sake jiki mana. Har cikinmu akwai masu sayar da waya da sun san sarai canjin batir zai wadatar, amma su ce wa dattijo ta mutu, don su karɓe ta a banza su gyara su sayar wa wani dattijon. Kamfanin da ke Kaliforniya ko Shenzhen ba ya bukatar ya yi mana talla, mun ɗauke masa aikin kyauta. Iyayenmu da suka zo kurmi da rediyo ɗaya suka shekara ashirin da shi, suka gina gidaje a garuruwansu, ba don ba su san daɗin sabon abu ba ne.

Abin da nake nema ba gagarau ba ne, domin an riga an yi shi a wani wuri. Daga ranar 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta ce duk wayar da za a shigar kasuwarta, sai an ci gaba da ba ta sabuntawa aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinta, a samar da kayan gyaranta har shekara 7, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda dokar ta ce in sabuntawa ta rage wa waya ƙwazo, kamfani ne zai gyara kyauta, sai fa in mai wayar ya amince da hakan tun kafin ya danna. Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma ba kanwar lasa ba ce, domin a Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Hukumar da ta iya kallon mai Facebook ido cikin ido za ta iya gaya wa masu shigo da waya ƙasar nan cewa su rubuta a jikin kwali shekara nawa za su kula da ita, kuma kafin kowace babbar sabuntawa a gaya wa mutum abin da za ta yi wa irin wayarsa, cikin harshen da yake ji. Kamfanonin nan sun iya Hausa da Yarbanci sarai in talla za su yi a rediyo. Kuma ina kira ga ƙungiyoyinmu na kasuwa da sarakunan Hausawa na kurmi, yadda ake rubuta takardar koke kan haraji da shingayen hanya, wannan ma ta cancanci takarda, don asarar da waya ke jawowa yanzu ba ta gaza ta shinge ba.

Kafin a kai can, ga abin da na koya a teburin mai gyaran nan, ko zai yi wa wani amfani. In saƙon sabuntawa ya zo, duba ka gani ƙarama ce ta tsaro ko babba ce mai canja lambar manhaja gaba ɗaya. Ta tsaro a karɓa. Babbar kuwa, in wayar ta kwana biyu, a dakata mako biyu ko uku a tambayi masu irinta yadda ta yi da su, kuma kada a kuskura a danna ta daren da ake da kaya a hanya. A je saitin waya a kashe sabuntawa ta kai tsaye, musamman in akwai yara masu ɗaukar ta. In ta riga ta yi nauyi, a ba ta kwana biyu, a kwashe bidiyoyin gurup-gurup da suka cika ta, sannan a sa a duba batir kafin a saurari mai cewa a yi ciko. Sai dai a kula da batirin da za a sa, jabu ya yi yawa, wani kumbura yake yi ya ɗaga bayan waya.

Ta Baba dai an sa mata sabon batir, na kwashe bidiyon wa'azi da na biki sun fi dubu na zuba masa a katin memori. Ta ɗan farfaɗo, manhajar banki na buɗewa kafin lamba ta mutu, amma ba ta koma yadda take ranar Litinin ɗin nan ba, kuma mai gyara ya ce ba za ta koma ba. Na ce masa ko mu haɗa kuɗi ni da yayana mu saya masa wata bayan sallah, ya ce a'a, shi bai ga abin da ta yi masa ba, waɗanda suka shiga cikinta ba sallama su ne da laifi. Ƙanena kuwa an kafa masa doka, ko cajin wayar ba ya ƙara jonawa. Shekaranjiya da asuba na ga wani sabon saƙon ya sake fitowa a fuskarta, wai akwai sabuntawa tana jira, a danna yanzu ko a bari sai dare. Na duba sama da ƙasa, babu wurin da aka rubuta a'a.